Jinyar Baba a Alƙahira da shayin babunaj

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma sunan mahaifiyar Baba na ci, shi ya sa tun ina ƙarama ba ya kiran sunana, sai dai Uwata. Duk macen da ta tashi a wannan matsayi ta san abin da yake tafe da shi. In haihuwa aka yi ke za a fara kira, in rasuwa ce ke za a fara kira, in ƙani ya kwaso rigima a makaranta ke ce dai. Ban taɓa jin nauyin hakan ba, daɗi ma nake ji. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Kano, ina taɓa sayar da atamfa da leshi a gida, ga miji ga yara, kuma a ganina ƙarfina ya ishe ni har da saura.

A 2023 numfashin Baba ya fara yi masa gardama. Mutumin da yake takawa masallacin Juma'a da ƙafarsa, sai ga shi tsakanin ɗaki da zaure yana tsayawa ya dafa bango. Ƙafafunsa suka kumbura, kwanciya ta gagara sai an tara masa matasai. Da aka yi hoton zuciya likita ya ce bawul ɗaya ya lalace, jini yana komawa baya maimakon ya wuce, kuma ba makawa sai an yi tiyata an canza shi. Aka yi zaman gida aka tsayar da Masar, inda mutanenmu da yawa suke zuwa neman lafiya, ga kuma jirgi kai tsaye daga Kano zuwa Alƙahira. Shekarar ce naira ta zube, bayan da gwamnati ta sake ta a watan Yuni. Lissafin da muka yi a farkon mako, kafin ƙanina ya kai kuɗin Wapa a ƙarshen makon ya riga ya rushe. Aka sayar da fili, na haɗa da 'yan gwala-gwalaina. Umma tana fama da gwiwa da ciwon suga, tafiya ba tata ba ce. Ba a ma tsaya tambayar wa zai bi shi ba.

Cikin hunturu muka sauka. Wani ɗalibin Azhar ɗan Zariya ya nema mana gidan haya a Madinat Nasr, a saman bene, kuma shi ya zama tafintanmu. Ƙanina ya zo tare da mu, amma hutun da aka ba shi a wurin aiki gajere ne, ana fito da Baba daga ɗakin kulawa ta musamman ya koma gida. Tiyata ta yi kyau, alhamdulillahi, ba ni da abin cewa game da likitocin sai godiya. An saka masa bawul na ƙarfe, aka ce mu zauna a garin har ɗinki ya warke, a kuma daidaita masa maganin tsinka jini kafin a bar shi ya hau jirgi.

Bawul ɗin ƙarfe yana da ƙara. Da rana ba a jin ta, amma in dare ya tsala motocin titi suka ragu, sai ka ji ta tana fitowa daga ƙirjinsa: ƙas, ƙas, ƙas, kowane bugu da tasa. Tun farko likita ya gaya mana haka yake, ba matsala ba ce. Ni kuwa sai ta zama aikina. Na shimfiɗa katifa a ƙasa kusa da gadonsa, ina kwance ido biyu ina saurare. In ya juya ƙarar ta ɓace mini, sai in zabura in tashi zaune, in kasa kunne har sai na sake jin ta. Babu wanda ya ɗora mini wannan gadin. Jikina ne ya ɗauka, ya kuma ƙi saukewa.

Gari na wayewa ga magunguna kowanne da lokacinsa, ga girki marar gishiri, ga zuwa gwajin jini, ga lissafin fam ɗin Masar da dala da naira. Ga kuma waya. An buɗe zauren dangi a WhatsApp don a riƙa ba da labari sau ɗaya kowa ya gani, amma kowane kawu da kowace gwaggo so suke su ji daga bakina, kuma in na yi jinkirin amsawa sai hankali ya tashi a ce akwai abin da nake ɓoyewa. Da sanyi Masar tana gaban Najeriya da awa ɗaya, don haka wanda ya kira ni bayan ya gama hirar dare a Kano, a wurina dare ya riga ya raba. Ƙauna ce ta sa suke kira, na sani, shi ya sa ban taɓa ƙin ɗauka ba.

Abin da ya riƙe ni a tsaye shi ne shayi. Misirawa mashaya shayi ne na gaske, baƙi wuluk a ɗan tambulan, sukari har ya kwanta a ƙasa, kuma duk inda ka zauna akwai mai kawo maka. Da asuba in jefa Lipton biyu a kofi ɗaya, da hantsi Nescafe, da yamma na asibiti, da dare kuma goron da Baba ya taho da shi aka hana shi ci, ni nake ɓantara don kada barci ya sace ni kafin maganin ƙarshe.

Jiki magayi. Da farko wuyana ne ya sage, daga ƙeya har kafaɗu, sai na juyo da dukan jikina in zan waiwaya. Sai na fara tashi da ciwon muƙamuƙi saboda cije haƙoran da nake yi ba da sanina ba. Ƙarar waya kaɗai ta isa ta sa gabana ya faɗi, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, ko da kuwa saƙon gaisuwar Juma'a ne. Cikina yana murɗawa, abinci ya fita daga raina. In na ɗauko ƙwayar magani zan miƙa wa Baba, sai in ga hannuna yana rawa, in yi sauri in ɗora a faranti don kada ya lura. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ko ranar da ɗalibin nan ya ce, "Anti, je ki kwanta, yau ni zan kwana da Baba," na shiga ɗaya ɗakin na rufe ƙofa, ga gajiya kamar in faɗi, amma barcin ya ƙi zuwa. Ina kwance, jikina yana tsaye.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata dattijuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna aiki a ƙasashen waje. Kowa a benen Hajja yake ce mata. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, saboda Larabcin Islamiyya da nake da shi ba ya kai ni nesa a harshen Misirawa. Wani dare na fito na zauna a kan matakala da tambulan ɗin shayi a hannu, don kada Baba ya ji ina kuka. Sai na ji ƙofarta ta buɗe. Ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna, ta karɓe shi ba tare da ta nemi izini ba. "Ya binti," ta ce, tana girgiza kai tana nuna agogon hannunta. Ta kama hannuna ta shigar da ni kicin ɗinta.

Ta sauko da wata kwalba cike da busassun furanni ƙanana, tsakiyarsu ruwan ɗorawa, da 'yan fararen ganyayyaki da suka yamutse a gefe. Ta ɗebi cokali babba guda ta zuba a tambulan. Ta tafasa ruwa, ta kashe wuta, sannan ta zuba a kai, ta kife ɗan faranti a baki. Na kai hannu zan ɗauka ta buge mini yatsa a hankali, ta nuna mini kujera. Muka zauna shiru. Da ta ga ya yi, ta ɗaga farantin ta karkata shi, ɗigon ruwan da tururi ya tara a ƙasansa ya koma cikin tambulan, ta tace, ta ɗiga zuma kaɗan. Ƙamshinsa tsakanin tuffa da busasshiyar ciyawa. Ɗanɗanonsa ba mai ƙarfi ba ne, akwai ɗan ɗaci-ɗaci da ke zuwa daga baya. "Babunaj," ta ce.

Sannan ta tambaye ni, da baki da hannu, ko na ci abinci, ko ina barci, 'ya'yana nawa, wa yake riƙe da su. Tun da muka sauka ƙasar ita ce ta fara tambayar lafiyata ni, ba ta Baba ba. Na riƙe tambulan ɗin da hannu biyu saboda ɗuminsa, na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa, ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce in yi shiru ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ba zan ƙara wa labari gishiri ba. Amma da na kwanta na ji kafaɗuna sun sauka, sai a lokacin na gane ashe a ɗage suke.

Washegari ta ja ni shagon mai kayan ƙamshi, irin waɗanda suke kira attar. Buhuna ne a jere da bakinsu a naɗe: zoɓo na Aswan, hulba, kirfa, na'a-na'a, habbatus sauda, yansun, rabinsu abubuwan da na sani tun a kicin ɗin Umma. Ta sa hannu cikin buhun babunaj ta ɗebo ta murza a tafin hannuna, ta sa na shaƙa. Ɗalibin nan ya fassara mini abin da take cewa: in zan saya in duba furen ya kasance da kansa cikakke, ba gari ba, ba kara ya fi yawa ba, kuma ƙamshin ya tashi tun kafin in kai hanci. Ashe 'yar Fayyum ce, wajen kilomita 100 kudu maso yamma da Alƙahira, kuma can da Bani Suwaif ne ake noma mafi yawan babunaj ɗin Masar. Da sanyi yake fure, da hannu ake tsinkarsa, mata ne akasari, a shanya ya bushe. Ta ce tana yarinya ta tsinka har yatsunta su yi ciwo. Mai shagon ya ƙara da cewa mai yawa daga ciki Turai ake kai shi, musamman Jamus, su zuba a jakunkunan shayi. Shi ne wanda ake gani a manyan kantunanmu an rubuta Chamomile a jikin kwali.

Daga ranar na ajiye goro da Nescafe, baƙin shayi kuma sai da safe kawai. Kwanakin farko ciwon kai ya sa ni a gaba, daga baya ya saki. Bayan isha'i, in na ba Baba maganinsa na ƙarshe, sai in bar waya a ɗaki in shiga kicin. Minti biyar zuwa goma ake ba furen ya jiƙa a rufe, don man da ke ɗauke da ƙamshinsa yana bin tururi ya gudu in aka bar shi a buɗe. Wannan jiran ya zama lokacin da ba ni da wani aiki. Sai na cika shi da tasbihin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya koya wa Nana Faɗima lokacin da niƙa ya gajiyar da hannuwanta ta je neman mai taya ta aiki: Subhanallahi 33, Alhamdulillahi 33, Allahu Akbar 34. Na san hadisin tun ina Islamiyya, amma sai a kicin ɗin nan na lura cewa ga mace gajiyayya aka fara ba da shi. A hankali barci ya fara dawowa, ba dukansa ba, amma in na farka tsakar dare ina iya komawa. Murɗawar ciki ce ta fara tafiya kafin komai.

Da na ga ya karɓe ni sai na so in riƙa haɗa wa Baba, don shi ma barcinsa ba daidai yake ba tun bayan tiyata. Allah ya sa na fara tambaya ranar ganin likita. Tafinta bai gama fassara ba likitan ya ɗaga hannu ya ce a'a. Wanda aka saka wa bawul na ƙarfe zai sha wafarin, maganin nan na tsinka jini, har ƙarshen rayuwarsa don kada jini ya daskare a jikin ƙarfen, kuma ma'aunin maganin siriri ne: in ya yi kaɗan jini ya yi gudaji, in ya yi yawa mutum ya riƙa zubar da jini. Shi ya sa ake ta gwajin INR, wanda yake auna lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Babunaj yana cikin tsirran da ake tsoron su ƙara wa wafarin ƙarfi. Ya ce duk wani ganye ko jiƙo ko haɗin gargajiya, kada ya shiga bakin Baba sai an tambaya. Daga baya ƙanwata, wadda ke karatun haɗa magunguna, ta gaya mini cewa a 2006 likitoci a Kanada sun ba da rahoton wata mata 'yar shekara 70 mai shan wafarin, da aka kwantar saboda zubar jini ta ciki bayan ta yawaita shan wannan shayin. Har yau in na tuna yadda na kusa miƙa masa kofin da kyakkyawar niyya, sai jikina ya yi sanyi. Ina roƙon duk mai jinyar wani ya riƙe wannan da kyau, domin mu mutane ne masu son kai wa marar lafiya abin da ya yi mana amfani.

Muka dawo Kano lafiya. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, aka yi sadaka, kowa yana cewa an wuce wurin. Ni ma haka na zata. Sai ga shi a ɗakina, a kan gadona, nesa da ƙirjin Baba, ina farkawa ƙarfe uku na dare ina neman ƙarar nan. A aji ina tsaka da darasi sai zuciyata ta ɗauki gudu, gumi ya karyo mini, in fita in tsaya a baranda. Yaro ya yar da cokali in firgita kamar an harba bindiga. Babunaj ɗin da na taho da shi ina sha kullum, yana sassauta mini dare, amma bai kai ga wannan ba.

A nan ne maganganu suka fara. Wata ta ce rashin tawakkali ne, tunda Allah ya ba shi lafiya me ya rage. Wata gwaggona ta ce, "'Yar nan, ƙasar Fir'auna fa kika je, a nemo mai ruƙiyya." Ban raina ruƙiyya ba, ni da kaina nake tofa wa kaina Falaƙi da Nasi kowane dare. Amma maganar tawakkalin ta yi mini ciwo, kuma har yanzu ina ganin bai kamata a riƙa faɗa wa mutum ita ba. Wadda ta kwana tana sallar dare a ƙasar da ba ta san kowa ba, ta miƙa mahaifinta ga Allah a ƙofar ɗakin tiyata, ba imani ne ya yi mata ƙaranci ba. Manzon Allah da kansa ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, lokacin da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare. Nana A'isha kuma takan sa a dama talbina, kunun sha'ir, a ba marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa. Addinin da ya san a kai wa mai baƙin ciki abu mai ɗumi ya sha, bai ce a tuhumi imaninsa ba.

Maigidana ne ya ce ya isa haka, ya ɗauke ni zuwa asibiti. Likitar mace ce, ta auna jinina ta ga ya ɗan hau, ta sa aka duba ƙarancin jini da suga da ƙullin maƙogwaron nan da ke kawo maƙoƙo, don shi ma in ya yi aiki fiye da kima yana sa bugun zuciya da rawar hannu. Aka yi gwajin zuciya. Duk suka fito lafiya. Sai ta ajiye biro ta ce, "Malama, ba ni labarin watannin nan."

Da na gama ta yi mini bayanin da na so a ce na ji tun a Alƙahira. Akwai jijiyoyin da ke tafiyar da jiki ba da umarninmu ba, su ke kula da bugun zuciya da numfashi da narkar da abinci, kuma ɓangare biyu ne. Ɗaya na tashin hankali ne: in an hango haɗari ya sa a saki sinadaran adirenalin da kotizol cikin jini, zuciya ta ƙara sauri, tsokoki su ɗaure, ciki ya dakatar da aikinsa, barci ya gudu. Ɗayan na hutu ne, shi ke mayar da komai wurinsa in haɗari ya wuce. An halicci na farkon don ɗan lokaci, ba don watanni ba. Ta ce, "Kin san in aka kawo wuta amma aka manta ba a kashe janareto ba? Haka jikinki yake, yana ta ƙona mai alhali buƙatar ta wuce." Ta ƙara da cewa kafeyin da ke cikin baƙin shayi da kofi da goro yana zuga wannan ɓangaren, kuma bayan awa biyar ko makamancin haka rabinsa yana nan cikin jini, don haka goron dare kai tsaye yake cin barci. Babunaj ba shi da kafeyin ko kaɗan. Ta ce in ci gaba da sha tunda ba ni da juna biyu kuma ba na shan wani magani. Ta sa ni tafiya da ƙafa kullum da yamma, da jan numfashi a hankali in fitar da shi ya fi shigarsa tsawo, ta kuma tura ni wurin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Na je, kuma ban ji kunyar zuwa ba. Can ne aka warware mini abin da shayi ba zai iya warwarewa ba.

Ƙanwata ba ta yarda da abu sai ta bincika, ita ta zo mini da abin da masana suka gano. A cikin furen akwai wani sinadari, afijenin, wanda yake maƙalewa a irin wuraren da wasu magungunan kwantar da hankali suke aiki a ƙwaƙwalwa, sai dai ƙarfinsa bai kama ƙafar nasu ba. A 2009 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka da mutum 57 masu fama da yawan fargaba, tsawon mako 8, aka ga waɗanda aka ba babunaj sun ɗan fi samun sauƙi, amma ƙwayoyi ne aka ba su na tataccen furen, waɗanda suka fi kofin shayi ƙarfi. A Taiwan kuma an gwada shayin kansa da mata masu jego 80, rabinsu suka sha na mako biyu, barcinsu ya gyaru, amma makonni bayan sun daina bambancin ya ɓace. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a jikina. Taimako ne ɗan kaɗan, na gaske, mai zuwa a hankali. Kuma ni shaida ce cewa ba furen kaɗai ya yi aikin ba. Ya kori goro da Nescafe daga darena, ya tilasta mini zama wuri ɗaya ba waya, ya zo mini ta hannun matar da ta tambayi lafiyata.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji masu talla a lasifika ko a Facebook suna jera cututtuka goma sha suna cewa babunaj yana kawar da su. Na taɓa sayen wani a wani shago a nan gida da nawa ya ƙare, na buɗe na tarar da gari da karare, ba ƙamshi ko kaɗan. Yanzu sai na ga furen da idona nake saya, ko in ba da saƙo wurin ɗalibai masu dawowa hutu. Tsiron dangin tazargade ne da shuwaka, kuma akwai waɗanda jikinsu ba ya jituwa da furannin wannan dangi, su yi ƙaiƙayi ko kumburi ko numfashi ya toshe, irinsu su nisance shi. Mai ciki ta tambayi likita tukuna. Mai shan maganin barci ko na kwantar da hankali shi ma haka, don yana iya ƙara masa mayen barci. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nono ya ishe shi, zuma kuwa ba a ba yaro sai ya cika shekara. Wanda kuma ƙirjinsa ke ciwo, ko fargaba ta hana shi aiki, ko ya fara jin rayuwar ta fita daga ransa, asibiti zai nufa a ranar, ba kicin ba.

Abu mafi wuya da likitar ta sa ni shi ne in gaya wa 'yan gidanmu cewa ba zan iya ni kaɗai ba. Na daɗe ina juya maganar, don ban san yadda 'yar fari take faɗin haka ba. Wata Juma'a bayan la'asar, duk muna ɗakin Baba, na faɗa. Na gaya musu rawar hannun, da matakalar, da ƙarar da nake nema cikin dare. Ɗakin ya yi tsit. Umma ta fara share hawaye. Ƙanina ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, wallahi ba mu sani ba, kullum muka kira cewa kike komai lafiya."

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Uwata, ashe ni na tashi ke kika kwanta." Ya sa mini albarka har muryarsa ta sarƙe. Sannan ya juya ga sauran, da irin muryar da muka san shi da ita kafin ciwo, ya raba aiki a take. Ƙanina zai riƙa kai shi gwajin jini da ganin likita. Ƙanwata ta karɓi magunguna, ita ke jera su a akwatin mako, ita ake tambaya kafin a ba shi ko da maganin mura. Autanmu ya karɓi wayar dangi. Ni aka bar mini girkin ranar Asabar, shi ma don na nace.

Hawan jinin ya sauka ba tare da an ɗora ni a kan magani ba. Ina koyarwa, na koma kan atamfofina. Har yanzu akwai daren da nake farkawa, musamman in an ce Baba yana tari, amma ba kullum ba. Ina shan babunaj mafi yawan darare bayan isha'i, maigidana ma ya koya. Hajja muna gaisawa ta saƙon murya, ɗalibin nan yana fassara mana in abin ya cakuɗe, kuma duk wanda zai je jinya Alƙahira daga danginmu ina ba shi kilishi da yaji ya kai mata. Sakamakon gwajin INR na watan jiya ma sai washegari na ji shi a bakin Umma, kuma ya fito daidai.